Sitiyari a Hannun Ummukulthum

Shekara ashirin da uku Ɗantsoho ya yi yana tuƙa iyalin Madam Dalia a Zamalek. Karatu ne ya kawo shi Alƙahira daga Malumfashi, karatun bai ƙare ba, tuƙin ya ɗore. Da mijin Madam ya rasu, 'ya'yanta suka matsa mata ta koma wajensu Kanada, sai ta shiga rabon kayan gida. Ɗantsoho ta kira a ƙarshe, ta miƙa masa makullin motar nan da Misrawa ke ce wa karafan, wadda marigayin kan tafi da ita bakin teku duk lokacin zafi. Ta ce babu wanda ya san halin motar kamarsa. In ya so ya sayar, in ya so ya riƙe.

Ranar da ya kawo ta unguwarsu Ain Shams, matarsa Ummukulthum ta leƙo ta tagar hawa na biyar, ta ga wani farin abu dogo ya toshe rabin layi, 'yan tuk-tuk sai zuba masa hon suke yi. Ta ɗauka motar asibiti ce. Sai da ta sauko a hankali, tana dafa bango saboda ciwon gwiwa, sannan ta ga mijinta ne a ciki.

Ya buɗe mata ƙofar gefe. Akwai gado a can baya, da tebur da ake naɗewa, da murhun gas mai kai biyu, da ƙaramin firij. Banɗakin kuwa, in mutum ya shiga da gaba, to da baya zai fito. Ta bubbuɗe durowoyi, ta murɗa famfo ruwa ya zubo, ta zauna a bakin gadon ta ɗan danna katifar da tafin hannu.

"Malam, sayar da ita za ka yi?"

"To me zan yi da ita, Hajiya? Ni da ko wurin ajiye ta ba ni da shi."

Ta tashi ta sauko daga motar. Amma maganar ta kwana uku tana yi mata yawo a ka.

Abin da ke ƙasa shi ne, mai gidan da suke haya ya riga ya sanar da su cewa ɗansa zai yi aure, bayan Babbar Sallah yana son shaƙƙarsa, wato sashen benen da suke ciki. Shekara goma sha tara suka yi a cikinta. Sun duba wasu gidajen, duk wanda suka gani ko dai hawa na shida ne ko kuwa ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta leƙawa. Ga kuma sana'arta. Ummukulthum turaren wuta da humra take haɗawa, ta koya ne a wajen maƙwabciyarta Mahasin, Bahaushiyar Sudan 'yar Mai Wurno. Tun da yaƙi ya koro mutanen Sudan, matansu suka cika Iskandariyya da Aswan da garuruwan da ke tsakani, kuma ba sa biki sai da turare. Wayarta ba ta hutawa. Matsalar aike ce. Ta ba direban mikrobas kwalabe goma, shida su isa, biyu su fashe, biyu a ce ba a san inda suka shiga ba.

Rana ta huɗu, suna karyawa da ful, dafaffen waken Misrawa, da burodi, ta ce, "Malam, mu koma cikinta."

"Cikin me?"

"Motar. Mu zauna a ciki. Ni in kai kayana da hannuna, kai kuma ka tuƙa. Ba matakala, ba mai gida."

Ɗantsoho ya yi dariya har da ajiye kofi. Da ya ga ita ba ta yi ba, sai ya tsuke baki. Ya ce zai yi tunani. Ta lura tunanin ya ɗauke shi lokaci fiye da yadda ta saba gani, amma ta ɗauka nauyin barin unguwa ne. Bayan mako guda ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Autarsu Fauziyya ce ta tayar da ƙura. Tana aure a unguwar Faisal, mijinta Ayuba yana yi wa 'yan kasuwar Kano jagora a Ataba. Ta zo da goyo, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Umma, don Allah me mutane za su ce? A ce iyayena suna kwana a mota, ni ina garin?"

"Wane ne mutanen?"

"Kowa mana! Matan ƙungiya, dangin Ayuba, Yaya in ya ji a Kano..."

"Yayanki na gaya masa jiya. Ya ce in turo masa hoto." Ummukulthum ta ci gaba da naɗe kofuna a cikin tsohuwar jarida. "Ke, shekara goma sha tara ina garin nan, teku sau ɗaya na gani, shi ma ta gilashin bas. Miƙo min wancan kwalin."

Rabon kaya ya fi komai wuya. Duk abin da ta ɗauka sai Ɗantsoho ya auna shi da ido ya girgiza kai. Tukwane goma sha ɗaya suka koma uku. Kujeru da kabad aka kai wa Fauziyya. Injin wanki Mahasin ta karɓa. Littattafan Ɗantsoho na zamanin karatu, waɗanda ya yi shekaru yana cewa zai koma musu, ya zaɓi huɗu, sauran ya kai wa ɗaliban Najeriya a Hayyul Ashir. Turmi ne kaɗai ta ƙi bari, domin da shi take daka icen sandal. Suka ɗaure shi da igiya a ƙarƙashin tebur. Durowar da ke saman gado kuwa kwalaben turare suka cinye ta, kowace an sa mata safa don kada su riƙa karo da juna.

Ranar Asabar bayan Sallah da hantsi suka miƙa wa bawwab, mai gadin benen, makulli. Mahasin ta rako su har bakin mota tana share ido da gefen tobinta, lulluɓin matan Sudan, ta tura musu ledar busasshiyar kuɓewa ta taga. Niyyarsu Iskandariyya, inda mata tara ke jiran kaya.

Ba su yi minti arba'in ba abin ya faru. Suna kan Da'iri, babban titin da ya zagaye gari, wani mai babur ya taso ta dama. Ummukulthum ta gan shi tun daga nesa a madubi. Ɗantsoho ya fara karkata motar zuwa daman kamar babu kowa.

"Malam! Babur!"

Ya fizge sitiyari zuwa hagu. Mai babur ya tsira, ya wuce yana ɗaga hannu yana zagi. Gefen motar ya gogi shingen kankare, madubin hagu ya ɓalle ya rataya da waya. A baya ta ji turmi ya bugi ƙafar tebur.

Ya lallaɓa har gidan mai na farko, ya kashe mota. Hannunsa na kan sitiyari, bai sauke ba.

"Ba ka gan shi ba," ta ce.

"Ban gan shi ba."

"Tun yaushe?"

"Shekara guda ke nan, ko ta ɗan fi. Idon dama ne. Abin da ke gabana ina gani, amma gefe kamar an ja labule. Titunan Zamalek na haddace su, shi ya sa Madam ba ta gane ba."

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Shayin da yake zubawa a gefen kofi. Kafaɗarsa da ke yawan bugun ƙofar kicin. Makon nan da ya yi yana tunani. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta buɗe baki za ta ce ya bar ta ta raba tukwanenta alhali ya san haka, sai ta dubi fuskarsa. Ta haɗiye maganar, ta tashi ta shiga baya ta ɗebo masa ruwa.

Likitan da suka gani ranar Litinin bai ɓoye musu komai ba. Hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, na hagun ma ya fara taɓuwa, amma in ya riƙe maganin ɗigawa safe da yamma za a iya tsare abin da ya rage. Tuƙi kuwa, ya ƙare ke nan.

Fauziyya ta ce su dawo wajenta, ba ta ma tsaya cewa ai ta faɗa ba. Ɗaki biyu ne gidan, ga yara uku. Ayuba ya ce shi zai koma falo. Ummukulthum ta yi musu godiya, ta ce a ba ta kwana biyu.

Wani makanike ɗan Sudan mai suna Hussain, tsohon abokin Ɗantsoho, yana da fili a bayan garejinsa a Ubur, can gefen gari. Shi ya zo ya tuƙa motar zuwa wurin, ya gyara madubin, ya ja musu tiyo daga famfonsa. A nan suka fara zaman mota na gaske, ba tare da sun je ko'ina ba. Ta koyi cewa tankin ruwa kwana uku yake yi in an yi wanka da kofi, kwana ɗaya in an sake jiki. Ta koyi cewa ba a soya albasa sai an buɗe tagar sama, in ba haka ba har filo sai ya yi ƙamshinta. Mutum biyu ba sa wuce juna a tsakiya, dole ɗaya ya zauna. Akwatin banɗaki kuwa Ɗantsoho ya ce nasa ne, shi zai riƙa zarewa ya kai ya zubar ya wanke, kada ta kuskura ta taɓa.

Ban da wannan aikin, zama kawai yake yi a kujerar direba yana kallon katanga. Da safiyar kwana na biyar ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, matsa can."

"Ina?"

"Waccan kujerar. Ka nuna min birki."

Ya kalle ta da idon hagu, ya juyo da kansa gaba ɗaya yadda ya fara yi yanzu. "Hajiya, shekararki hamsin da huɗu. Ko keke ba ki taɓa hawa ba. Wannan motar mita shida ce."

"Na ji. Wanne ne birkin?"

Sa'ar da aka yi, motar otomatik ce, gwiwar hagun da ke damunta ba ta da aiki. Bayan garejin Hussain akwai faffaɗan titunan wata sabuwar unguwa da aka shimfiɗa wa kwalta ba a gina gidajen ba tukuna. Can suke zuwa kullum bayan sun karya. Kwana uku na farko ba ta wuce gudun mai tafiya a ƙasa ba. In ta taka birki, sai cokula su yi tsalle a durowa.

Ɗantsoho ba malamin kirki ba ne a farko. Tsawa yake yi. "Madubi! Na ce madubi! Wa ya ce ki kalli ƙafarki?" Ranar da ta hau gefen titi da tayar baya a kwana, ya ce da Madam ce a ciki da tuni an sallame ta. Ta tsayar da motar a tsakiyar hanya, ta ja birkin hannu.

"Ni ba yarinyar aikinka ba ce. Shekara talatin da ɗaya ina dafa maka abinci, ka taɓa jin na yi maka tsawa don ba ka iya tuƙa tuwo ba?"

Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ba ke nake wa faɗa ba."

"Na sani. Amma ni ce a kusa."

Daga ranar ya sauya. Ya samo duwatsu ya jera su a titi, ya koya mata ta riƙa barin gaban motar ya wuce kwana kafin ta juya, domin bayan ya samu hanya. Ya koya mata karanta niyyar direban mikrobas daga yadda yake karkata tayarsa. Ya ce mata a Masar hon magana ce, akwai na "ga ni nan", akwai na "wuce", akwai na zagi, kuma ita biyun farko kawai take buƙata. Da yamma in ta gaji sai ta koma daka sandal a inuwar motar, shi kuma ya cika kwalabe, domin hancinsa lafiya lau yake. Matan Iskandariyya suka yi ta waya, ta yi ta ba su haƙuri.

Gwajin lasisi sau biyu ta yi shi. A karon farko ta ture mazugin roba uku da aka jera a ribas, jami'in ya ce, "Ma'alish ya Hagga, yi haƙuri, sai wani jiƙon." Ta dawo ta ƙi cin abincin rana. Ɗantsoho ya soya mata ƙwai, ya ƙone, ta ci haka nan. Bayan mako uku ta koma. Da ta fito daga motar gwajin, mazugan duk suna tsaye, wasu samari da ke jiran layinsu suka tafa mata. Ta ja mayafi ta rufe baki don kada a ga tana dariya.

Wata biyu da rabi suka yi a filin Hussain. Fauziyya ce ta zo sallama a wannan karon, ta kawo yaji da man shanu. Ta zagaya motar sau biyu, ta tsaya ta taga tana kallon uwarta a bayan sitiyari, da matashin da aka ɗora mata a kujera don ta hango gaba.

"Umma, kullum ki turo min inda kuke. Kullum fa."

"Zan turo."

"Baba, maganinka."

"Yana aljihu. Yalla, mu tafi, Hajiya, rana tana yi."

Da'irin da ya kusa kashe musu tafiya, ita ta bi shi a layin dama, manyan motoci suna wuce ta suna girgiza karafan ɗin. Ɗantsoho ya juyar da jikinsa gaba ɗaya yana gadin madubi da idonsa mai kyau, yana faɗa mata a hankali, "Tirela a hagu, bar shi ya wuce. Tamam. Riƙe haka." Da suka hau hanyar sahara, gine-gine suka ƙare, ta ji kafaɗunta sun sauka. Tafiyar da ake yi a awa uku, su awa biyar suka yi.

A shingen bincike na farko, ɗan sandan ya nufi ɓangaren direba yana kallon takarda a hannunsa, ya ɗago ya ga dattijuwa da tabarau. Ya leƙa ya ga namiji a ɗaya kujerar. Ya karɓi lasisi da iƙama, takardar izinin zama, ya duba gaba da baya, ya tambayi inda suke zaune. Ɗantsoho ya nuna bayan motar da babban yatsa. Ɗan sandan ya nemi a buɗe, ya shiga, ya tsaya yana shaƙar iska. Ya tambayi mene ne wannan ƙamshin. Kafin su wuce sai da ya karɓi lambar wayarta, wai ƙanwarsa za ta yi aure.

Ba kullum abin ke daɗi ba. A Iskandariyya sun kwana biyu suna neman inda za a bar su su tsaya, kowane mai kula da fakin sai ya ce motar ta yi tsawo. Gas ya taɓa ƙare musu shinkafa na kan wuta. Da sanyi ya shigo, bangon motar ya riƙa tsattsafo da ruwa, sai da suka koyi barin taga a ɗan buɗe. Duk inda suka tsaya sai an sake neman alƙibla, wani lokaci ta faɗo daidai ƙofar firij, Ɗantsoho ya ɗauki darduma ya fita waje. Akwai ranar da ta zauna ta yi kuka don ta tuna barandarta da igiyar shanyarta. Ta gama, ta wanke fuska, ta shanya kayan a jikin madubi.

Amma a Iskandariyyar ta zauna a kan kujerar roba da hantsi, ƙafafunta a cikin ruwan teku, har la'asar ba wanda ya ce ta tashi. Kwalabenta kuwa tun daga lokacin ko ɗaya ba ta sake fashewa ba.

Da sanyi ya yi ƙarfi suka gangara kudu, suna bin Nilu gari-gari. Aswan suka isa ana saura kwana huɗu bikin 'yar Awadiyya, yayar Mahasin, wadda ta yi odar turaren amarya tun kafin su bar Ain Shams. Gidan Awadiyya ɗaki ɗaya ne, mutum goma sha biyu ke kwana a ciki tun da suka gudo. Ba inda za a keɓe amarya a yi mata dilka da lalle. Awadiyya ta leƙa cikin motar, ta dubi gadon, ta dubi labulen, sannan ta dubi Ummukulthum.

Haka aka kori Ɗantsoho kwana uku. Ya ɗauki bargonsa da maganin idonsa ya koma wajen maza, inda ya samu wasu tsofaffi biyu 'yan Mai Wurno da ke son jin yadda Malumfashi take. Motar ta cika da mata da hayaƙin turare da guɗa. Ranar kai amarya, motar da dangin ango suka yi alkawari ba ta zo ba. Aka jira har rana ta fara sanyi. Awadiyya ta riƙo hannun Ummukulthum.

"Yar'uwa, ke za ki kai ta."

Ummukulthum ta ƙirga kawuna, ta ce mutum shida kawai, sauran su bi a tuk-tuk, kuma kada wadda ta zauna a kan murhu. Ta aika a kira mata Malam, domin lungun gidan angon ƙunci gare shi, tana buƙatar mai duba mata gefe. Ya zo da sauri yana gyara hula, ya shiga kujerarsa, ya sauke gilashi ya fitar da kai. Ta yi bisimilla ta tayar da mota, matan suka ɗauki waƙa a baya.